Ba Kowane Giɓi Ne Tauye Mudu Ba: Martani Kan Batun Fawa Bank

Sau biyu na karanta rubutun da wani ɗan'uwanmu, malamin makaranta a nan ƙasar Kazaure, ya fitar kwanan baya a kan fawa bank, ɗan batirin nan da muke yawo da shi a aljihu don cajin waya. Ga waɗanda ba su gani ba, ga gundarin maganarsa. Ya sayi fawa bank da aka rubuta 20,000 mAh a jikinsa. Batirin wayarsa 5,000 mAh ne. Ya raba, lissafi ya ba shi 4. Da ya gwada sai ya tarar sau biyu da rabi yake cika masa waya, wani lokaci ya doshi uku. A kan wannan ya gina hukunci uku. Na ɗaya, duk fawa bank da ke kasuwanninmu jabu ne. Na biyu, masu sayar da shi a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa masu tauye mudu ne, ya kamata hukuma ta bi su shago-shago. Na uku kuma shawara ce ga jama'a: tunda dai za a zaftare, kowa ya riƙa neman mai lamba mafi girma, 50,000 ko sama da haka, musamman mai ɗan faifan sola a bayansa, don ko an ci rabi a bar masa rabi.

Malam, ina ganin girmanka, kuma na san ciwon da ya sa ka ɗauki alƙalami. A yankin nan fawa bank ya wuce kayan ƙawa. Mai POS da ke bakin tasha da shi yake riƙe injinsa har dare. Ɗalibin kwalejin Hussaini Adamu da shi yake karatu a waya in wutar KEDCO ta ɗauke. Matar da mijinta ya tafi neman kuɗi Legas da shi take tsare ɗan cajin da za ta ji muryarsa. Duk wanda ya zauna a nan a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta, har da na Shiroro zuwa Kaduna, ta bar yawancin Arewa cikin duhu kwana da kwanaki, bai manta layin da aka riƙa yi a shagunan masu caji ba. Mutumin da ya matse bakin aljihunsa ya sayi abu don ya huta da wannan layi, sannan abin ya gaza masa, yana da haƙƙin ya yi fushi. Amma fushinka ya sauka a inda bai kamata ba, shawararka kuma za ta kai mutane hannun ainihin macutan da kake son a kama. Shi ya sa ban iya yin shiru ba.

Abu na farko da zan faɗa maka zai iya ba ka mamaki: bisa ga lissafin da kai da kanka ka kawo, fawa bank ɗinka mai kyau ne. Wanda aka rubuta wa 20,000 kuma ya cika wayar 5,000 sau biyu da rabi zuwa uku ya yi aikinsa. Da jabu aka ba ka, da ƙyar zai cika ta sau ɗaya.

Ga dalili. Wannan mAh da muke gani ba ya faɗin yawan makamashin da ke cikin batir shi kaɗai. Ƙidaya ce kawai, kamar mutum ya ce yana da “dubu 20” bai faɗi na wane kuɗi ba. Mutanen Babura sun fi kowa sanin wannan, su da hanyar Babban Mutum zuwa Magarya take a ƙofarsu. In aka ce dubu 20, tambayar farko ita ce naira ko sefa. A harkar batir, abin da ke matsayin nau'in kuɗi shi ne ƙarfin turin wutar, wanda ake aunawa da bolt. Sai an ninka mAh da bolt ake samun ainihin dukiyar da ke ciki, wadda ake rubutawa da Wh. Ƙwayoyin batirin litiyom da ke cikin fawa bank suna aiki ne a kan bolt 3.7, kuma a kan wannan ƙarfin kamfani yake ƙirga lambar da yake bugawa a kwali. Saboda haka 20,000 mAh daidai yake da Wh 74. Batirin waya mai 5,000 mAh, irin wanda ke cikin yawancin Tecno da Infinix da itel na yanzu, yana kan bolt 3.85 ko kusa da haka, wato Wh 19 da ɗan ɗoriya. Tun a nan, ko da ɗigo ɗaya bai zube a hanya ba, 74 a raba da 19 da ɗoriya bai kai 4 ba. Yana tsayawa ne a 3.8.

To kuma dole ya zube a hanya. Ƙofar USB da muke soka igiyar caji ba ta karɓar bolt 3.7. Ƙa'idarta bolt 5 ce, masu cajin sauri ma har 9 ko 12 suke hawa. Don haka a cikin kowane fawa bank akwai ɗan allon lantarki da aikinsa shi ne ɗaga wutar daga 3.7 zuwa 5. Da wutar ta bi igiya ta shiga waya, sai wani allon a cikin wayar ya sake sauko da ita zuwa ƙarfin da batirinta zai iya sha. Canji biyu ke nan. Ka ɗauki nairarka ka canza ta zuwa sefa, ka taka ƙafa kaɗan ka sake mayar da ita naira. Ko wurin ɗan canji mafi amana ka je, abin da zai dawo hannunka ba zai kai abin da ka fita da shi ba, don kowane canji da ladansa. Ladan canjin wuta yakan kama daga kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a kowane mataki, in kayan masu kyau ne. Ka cire wannan sau biyu daga Wh 74, za ka ga abin da ya isa cikin batirin waya bai wuce Wh 53 zuwa 60 ba. Raba shi da 19 da ɗoriya: sau 2.8, in ya yi yawa 3.1. Ga “ya doshi uku” ɗinka nan, Malam.

Ina wutar ta tafi? Ka taɓa fawa bank yana tsakiyar caji, ka taɓa bayan wayar. Ɗumin da ka ji a tafin hannunka shi ne cajin da kake nema. Babu mai shagon da ya tsotse shi, zafi ya zama ya bi iska. Haka yake a Kazaure, haka yake a Tokyo.

A nan dole in tsaya in gyara wata amsa da na ji wasu matasa suna ba ka, domin ita ma rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ta fi wuyar cirewa daga kan mutum. Suna cewa a ninka 20,000 da 3.7 a raba da 5, a samu 14,800, don haka wai 5,200 “sun ɓace” a wajen ɗaga wuta. Lissafin daidai ne, fassarar ce kuskure. Komawar 20,000 zuwa 14,800 ba asara ba ce, sauyin suna ne kawai: dukiya ɗaya ce aka faɗa da wani kuɗin. Wh 74 ne a can, Wh 74 ne a nan. Da wayar ta sauko da wutar, lambar za ta sake hawa. Asarar gaske ita ce ladan canjin nan biyu da zafin igiya, sai abin da zan kawo yanzu. Na nace a kan wannan ne don wanda ya riƙe bayanin da bai daidaita ba, gobe mai jabu zai yi amfani da shi ya rufe masa baki, ya ce ai “haka kimiyya ta ce”, alhali kayansa ko rabin abin da kimiyyar ta yarda da shi bai kai ba.

Sauran giɓin, daga uku zuwa biyu da rabi, namu ne na gida, kuma shi ne rubutunka bai waiwaya ba ko kaɗan. Ka ce ka gwada, amma ba ka faɗa mana ko wayar a kashe take ba. Na tabbata a kunne take, don ba wanda ke kashe waya yau. Waya a kunne tana sha ana zuba mata, kamar mai cika tulu yana ɗiba da moɗa. In ana kallon bidiyo ko ana sauraron karatu, abin da take sha a awa biyun cajin ba kaɗan ba ne. Sannan akwai sabis. A cikin garin Kazaure da sauƙi, amma ka shiga ƙauyukan Roni da ke tsakanin duwatsu, ko ka nausa cikin Gwiwa, inda sandar sabis ɗaya ce ke leƙowa tana ɓuya. A irin wurin nan waya ƙara ƙarfin muryarta take yi don ta isa ga turken sadarwa, kuma da batir take biyan wannan ihun. Mutum biyu masu waya iri ɗaya da fawa bank iri ɗaya, ɗaya a bakin kasuwar Kazaure, ɗaya a rugar da ke bayan dutse, ba za su ƙirga caji iri ɗaya ba.

Igiyar caji ma da nata. Mukan kashe kuɗi a kan fawa bank, sannan mu haɗa shi da igiya mafi araha a kan tebur, doguwa, wadda in ka yanke ta za ka ga zaren jan ƙarfen da ke ciki bai fi gashin kai kauri ba. Siririn zare yana tare wuta, abin da ya tare kuwa zafi yake zama. Gajeriyar igiya mai kauri takan dawo wa mutum da wani abu daga cajin da yake kuka ya rasa.

Babban abokin gaba kuwa a wajenmu rana ce. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin nan yana haura digiri 40 a inuwa. Batirin litiyom ba ya jituwa da zafi: yana tsufar da shi da wuri, kuma abin da zafi ya ci ba ya dawowa. Ko a wuri mai sanyi, batir irin wannan yakan sauko zuwa kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan an cika shi an juye sau 300 zuwa 500. Wanda yake cika nasa kullum, kamar mai POS, zai kai wannan adadi cikin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Yanzu ka ƙara masa kwanciya a gaban gilashin mota da azahar, ko zama a rumfar kwano, ko aljihun ɗan acaɓa da rana ke dukansa tun hantsi. Wani ma kafin a saye shi ya riga ya yi watanni a baje a kan tebur a bakin titi. Wannan na ƙarshe laifin mai sayarwa ne, zan kuma dawo kansa, amma laifin rashin sani ne, kuma magana ɗaya tana gyara shi.

Duk da haka ba zan ce ba ka da gaskiya ko ɗaya ba. Kana da ita, sai dai ka ɗora ta a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Kamfanonin da ke ƙera fawa bank sun san sarai cewa mai saye zai yi irin lissafin da ka yi. Sun san zai ga 20,000 ya raba da 5,000. Amma suka zaɓi su buga lambar ƙwayar batir da manyan haruffa a gaban kwali, ainihin abin da ke fitowa ta ƙofar USB kuma suka tura shi baya cikin ƙananan rubutun da sai an kanne ido. Ka juya naka ka duba. In na kamfanin kirki ne, za ka ga Wh 74, kuma sau da yawa za ka ga wata lamba ta biyu, tsakanin 12,000 da 13,000 mAh a kan bolt 5. Wannan ta biyun ita ce alƙawarin da za ka iya riƙe su da shi. A China, inda ake ƙera yawancinsu, ƙa'idar ƙasa ta 2017 a kan fawa bank ta tanadi a bayyana ta. Lamarin ya yi kama da mai sayar da shinkafa shanshera. Buhu ne cikakke, bai yi ƙarya ba, kuma duk manomi ya san in aka kai inji aka cashe, wajen kashi biyu cikin uku ne zai fito tsaba. Bambancin shi ne kowa a ƙasar nan ya san shanshera tun yana yaro, amma ba wanda ya taɓa gaya wa mai sayen fawa bank cewa lambar gaban kwali shanshera ce. Da a kan wannan ka tsaya, da ka nemi hukumar SON mai kula da ingancin kaya da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye su tilasta a buga lambar tsaba a gaba da girma ɗaya da ɗayar, da ni ne farkon mai sa hannu a takardarka.

Kafin a kai ga haka, mai saye yana iya yi wa kansa casar. Ɗauki kashi biyu cikin uku na babbar lambar, ka raba da batirin wayarka. Mai 10,000 zai cika wayar 5,000 sau ɗaya ya bar ɗan saura. Mai 20,000, sau biyu da rabi zuwa uku. Mai 30,000, wajen sau huɗu.

Yanzu ga inda na fi jin zafin rubutunka. Jabu yana nan, kuma ya yi yawa. Na taɓa buɗe wani da ƙanena ya sayo a wata kasuwar ƙauye, an rubuta masa lambar da ta fi ta naka. Ƙwayoyi shida ne a ciki. Biyu ne kawai aka haɗa da wayar wuta. Sauran huɗun ƙwanso ne, da na fasa ɗaya yashi ya zubo. An zuba shi ne don hannu ya ji nauyi. Wannan shi ne algus, shi ne tauye mudu na gaskiya, kuma mai yin sa ya san abin da yake yi tun daga masana'anta. To amma ka lura da inda irin wannan kaya ya fi taruwa: a cikin masu manyan lambobi da ƙaramin farashi, wato daidai inda ka ce jama'a su nufa. Mai jabu ba ya biyan ko sisi don ya ƙara sifili a kwali. In ka koya wa mutane cewa duk ɗaya ne, kowa maƙaryaci ne, a nemi mai babbar lamba kawai, ka kashe kasuwar mai gaskiyar da ya rubuta 10,000 ya zuba 10,000, ka raya ta wanda ya rubuta 80,000 ya zuba yashi.

Alhali gane ƙaryar babbar lamba ba ya buƙatar digiri, sikeli yake buƙata. Ƙwayar batir mai siffar ɗan gwangwani da ake kira 18650, wadda ke cikin fawa bank da yawa da tocilan masu caji, nauyinta wajen giram 45 zuwa 50 ne, kuma masu kyawunta sukan tsaya ne a wajen 3,500 mAh. Duk ƙwayar 18650 da ka ga an rubuta mata 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Daga nan lissafin a buɗe yake. Fawa bank mai 10,000 na gaskiya yakan yi giram 200 ko kusa da haka. Mai 20,000 yakan kama daga giram 350 zuwa 450. Mai 50,000 na gaskiya yana kaiwa kilo guda, ya fi kama da bulo, ba ya shiga aljihun riga. In aka miƙo maka abu siriri, shafal kamar wayarka, aka ce 50,000 ne, ka ajiye shi tun kafin a faɗi kuɗi. Nauyi shi kaɗai ba ya wanke kaya, tunda ga labarin yashi, amma rashin nauyi yana kama shi nan take. Akwai kuma alama ta biyu da ba ta ƙarya: lokacin da yake ɗauka kafin ya cika. Wh 74 a kan caja ta gama-gari mai wat 10 yana neman awa takwas ko fiye. Wanda aka ce 20,000 ne amma ya cika daga sifili cikin awa biyu a kan irin wannan caja, randarsa ƙarama ce.

Shi kuwa ɗan faifan solar da ka yaba, ina roƙonka ka janye wannan shawara. Faifan da bai fi tafin hannu ba wat ɗaya yake bayarwa, ko ɗaya da rabi, a tsakiyar rana. Ko an ba shi cikakkiyar rana kullum, abin da zai tara a yini bai wuce Wh 5 zuwa 8 ba, kafin a cire asara. Cika Wh 74 da wannan ya fi ƙarfin mako guda, ya doshi biyu. Kuma duk tsawon kwanakin nan batirin yana shanye a rana yana dahuwa, wato ana kashe shi da sunan ciyar da shi. Wanda yake son cajin rana ya sayi faifai mai zaman kansa, mai wat 10 ko 20, ya shimfiɗa shi a rana, ya ja igiya ya ajiye fawa bank a inuwa. Da yawa daga masu shagon caji a ƙauyukanmu sun riga sun gane haka.

Maganar ba ta tsaya a asarar kuɗi ba. Ƙwaya maras inganci tana kumbura, tana kama wuta. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a Yunin 2025 kamfanin Anker ya janye fawa bank sama da miliyan ɗaya daga hannun jama'a a Amurka, Romoss ma ya janye ɗaruruwan dubbai a China, duk saboda haɗarin gobara. Waɗannan masu suna ne, ana iya bin sawunsu a tilasta musu. Wanda ya zuba yashi ba shi da adireshi. Maniyyata aikin Hajji ma su sani, dokar jiragen sama ba ta yarda a sa fawa bank a jakar da za a auna a jefa cikin jirgi ba, sai a jakar hannu, kuma iyakar da ake wucewa da ita ba tare da neman izini ba Wh 100 ce, wato wajen 27,000 mAh. Dattijon da ya bi shawararka ya sayi mai 50,000 don tafiya Makka zai iya barinsa a filin jirgi, ko na gaskiya ne ko jabu, don abin da aka rubuta a jiki jami'i zai karanta.

Saura masu shago. Kalmar tauye mudu ba ƙarama ba ce a wajen Musulmi. Sura guda aka saukar a kan masu yin ta, kuma ka jefa ta a kan samarin ƙananan hukumomi huɗu a jimla ɗaya. Na san da yawa daga cikinsu. Yaro ne ya haɗa ɗan jari, ya hau mota zuwa Kano, ya shiga Farm Centre ya saro katan ɗaya ko rabi. Kayan sun fito daga China, sun sauka Legas, sun ratsa hannu uku ko huɗu kafin su zo nasa. Bai ƙera ba, bai buga lambar ba, ba shi da abin aunawa, kuma yawancinsu irin lissafinka suke yi, har su ce wa mai saye “zai cika maka sau huɗu” da zuciya ɗaya. Ba ina wanke su duka ba ne. Akwai wanda ya san kaya biyu ne a teburinsa, orijina da wanda ba shi ba, ya karɓi kuɗin na farko ya miƙa na biyu, musamman in ya ga baƙauye ne ko mace ko tsoho. Wannan maci amana ne, kuma shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa in ya sani. Amma in hukuma ta shiga kasuwa da ma'aunin da ka ba ta, wato duk wanda bai cika sau huɗu ba a kwashe, to ba fawa bank ɗaya a duniya da zai tsira. Za a kwashe na mai gaskiya tare da na macuci, a karya jarin yaran da ba su da wata sana'a, gobe kuma a sake cika teburan daga inda aka saba.

Abin da zai raba mana gardama yana nan, kuma ba shi da tsada. Akwai 'yar na'ura kamar ɗan yatsa da ake sokawa tsakanin fawa bank da igiya, tana ƙirga duk Wh da ya wuce ta cikinta. Masu gyaran waya da dama suna da ita. A garin da ke da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da kuma cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta jiha, ba abin wuya ba ne ɗalibai su kafa tebur ranar kasuwa da wannan na'ura da ƙaramin sikeli. Ya fi kyau ma masu sayar da kayan waya su rigaye kowa: su haɗa kuɗi su saya, duk sabon katan da ya zo a zari ɗaya a cika shi a juye a gani, wanda ya faɗi a mayar wa dila a Kano. Dilan da aka mayar wa kaya sau biyu zai canza abin da yake turowa Kazaure. Su kuma sauke kayan daga rana su mayar inuwa, su daina alƙawarin sau huɗu.

Kai kuma, Malam, ga tayina. Kawo fawa bank ɗin nan naka. Mu ɗora shi a sikeli, mu cika shi har fitilunsa su tsaya, mu juye shi ta cikin na'urar har ya mutu, a gaban duk wanda kake so. In ta nuna Wh 55 zuwa 66, kayanka lafiyayye ne, kuma ina fatan za ka koma wurin yaron da ya sayar maka ka nemi afuwarsa, ka kuma rubuta haka a inda ka rubuta na farko. In ta nuna ƙasa da 40, ni zan raka ka shagon da ƙafata, da na'urar a hannuna.